Ina sharar gidanmu take zuwa?

Wannan darasi na ƙungiya ne. Ana iya karanta shi a zumuntar mata, ko a taron matasa, ko a zaman dattawa bayan an tashi daga sujada. Kafin ranar taron, a roƙi gidaje uku ko huɗu kada su zubar da shararsu ta kwana biyu, su kawo ta cikin buhu. Za mu yi aiki da ita can gaba.

Jujin da muka gada

Tsofaffin cikinmu za su tuna yadda juji yake a da. Kowane gida yana da nasa a bayan danga. Abin da ake zubawa a kai shi ne toka, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, kashin awaki da na kaji, fasasshiyar ƙwarya, da tsohuwar tabarma. Dukansu daga ƙasa suka fito, ƙasa kuma ta san yadda za ta cinye su. Da bazara ta yi, maigida da yaransa sukan kwashe jujin su kai gona. Wanda yake da babban juji, shi ne mai dawa mai kyau. A karkarar Kano manoma sun daɗe suna shiga birni da jakunansu ɗauke da itace, su komo da mangala cike da sharar birni domin taki. Da haka suke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da sun bar ta ta huta ba. Masu lambu a kewayen Jos su ma suna amfani da tokar bolar gari a noman rani.

Al'adar zubawa a juji tana nan tare da mu, amma abin da muke zubawa ya sake. Yau a jujinmu akwai baƙar leda, ledar ruwan sha, ledar omo da ta maggi, robar lemo, tsinkakken silifa, mataccen batir, famfas na jarirai, fasasshiyar kwalba, da robar maganin feshi. Ƙasa ba ta cin waɗannan. Rana takan gasa leda ta yi ta marmashewa, amma ba ta zama taki. Sai dai ta koma ƙananan gutsattsari da suke zama cikin ƙasa da ruwa shekara da shekaru. Manomin da ya kai irin wannan juji gonarsa, ya kai taki da guba a mangala ɗaya.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2016 duniya ta tara sharar gidaje da kasuwanni kimanin tan biliyan 2, kuma in ba a sake hali ba za ta kai tan biliyan 3.4 a 2050. A ƙasashe matalauta, fiye da kashi 90 cikin 100 na shara a fili ake jibge ta ko a ƙone ta. A duniya duka, kashi 9 cikin 100 ne kawai na sharar roba ake sake sarrafawa. Amma a cikin wannan lissafi akwai abin ƙarfafa zuciya: a ƙasashe irin namu, fiye da rabin shara abu ne mai ruɓewa. Wato rabin matsalar muna iya maganinta a bayan gida, ba da ko kwabo ba.

Akuyar da take ramewa

Bari mu fara da abin da ya fi kusa da aljihunmu. Da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, akuya da tunkiya da saniya sukan bi bola. Ledar da aka ƙulla gishiri, ko mai, ko ƙosai a ciki tana da ƙanshin abinci, sai dabbar ta haɗiye. Tumbi ba ya iya narkar da ita, ba ta kuma wucewa. Yau ɗaya, gobe biyu, har su dunƙule su zama ƙullutu su cika wurin da abinci zai zauna. Dabbar takan rage cin abinci, ta rame, nononta ya janye, ga ciki kuwa a kumbure. Mu kan ce tsutsar ciki ce, mu sayi magani mu ɗura mata, ba sauƙi. Ranar da aka yanka ta ake ganin gaskiya. Mu tambayi mahaucin garinmu sau nawa yake samun leda a tumbi, za mu sha mamaki.

A gidaje da yawa akuya ita ce asusun mace. Ita ake sayarwa a biya kuɗin makaranta, ko a kai yaro asibiti. Ledar naira nawa ce ta kashe ta?

Ruwan da ya rasa hanya

Leda tana toshe kwata da ƙwalbati. Da ruwa ya rasa hanya sai ya kwanta a gindin katanga, ginin laka kuwa ba ya jimre wa haka. Ƙasar Bangaladash ta ga wannan a ambaliyar 1988 da ta 1998, inda aka tarar leda ta cushe magudanan ruwa na Dhaka, babban birninsu. A 2002 suka hana siririyar leda, su ne kuma ƙasa ta farko da ta yi haka.

Akwai wani abu kuma da ba mu cika lura da shi ba. Gwangwani, tsohuwar taya, fasasshen tulu da murfin roba duk suna tara ruwan sama. Sauron da yake kawo cutar shawara a irin wannan ɗan ruwa yake yin ƙwai, kuma cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwan ya zama sauro mai cizo. Na zazzaɓin cizon sauro shi kuma yana son kwantaccen ruwan da ya taru a ƙasa, irin wanda toshewar kwata take bari. Muna iya rataya gidan sauro a ɗaki, alhali muna kiwon sauron a bayan ɗakin.

Ƙuda da ɓera su ma a bola suke ci. Yawancinmu mun ji sunan zazzaɓin Lassa. An fara gane cutar ne a 1969, sa'ad da wata nas ta asibitin mishan na garin Lassa, a jihar Borno ta yanzu, ta kamu da ita. Aka kai ta Jos, ta rasu a can, wata nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta rasu. Wani irin ɓera ne yake ɗauke da cutar, yana barin ta cikin fitsarinsa da kashinsa a kan abinci da kwanuka. Ta fi yawa da rani. Bola a gindin rumbu gayyata ce ga ɓera, shi ya sa ya kamata ramin shara ya yi nisa da wurin ajiye hatsi da wurin shanya.

Game da bayan gida kuwa, umarnin ya daɗe. A Maimaitawar Shari'a sura 23 an gaya wa Isra'ilawa su keɓe wuri a wajen zango, kowa kuma ya haƙa rami ya rufe abin da ya yi. Kashin jariri yana da ƙwayoyin cuta kamar na babba. Famfas ɗin da aka jefa bayan danga, kare ko alade yakan yage shi, ƙuda ya sauka a kai, ya tashi ya sauka a kan tuwonmu. A juye kashin a masai, a binne famfas ɗin. Kada dai a jefa famfas ko leda a cikin masai, domin suna cika ramin da wuri.

Ƙonewa ba ɓatarwa ba ce

Da yawa daga cikinmu muna ganin mun yi tsabta in mun tara shara da yamma mun cinna mata wuta. Tsakar gida takan yi fes, gaskiya ne. Amma sharar ba ta ɓace ba, ta shiga iska ne, mu da yaranmu kuma muka shaƙe ta. Wutar bola ba ta da zafin da zai ƙone roba sarai, saboda haka takan yi ta ci a hankali tana fid da baƙin hayaƙi. Wasu robobi, musamman irin na bututun ruwa da rigar wayar lantarki, suna fid da guba mai suna dayoksin, wadda take sauka a kan ƙasa da ciyawa, ta shiga ƙwan kaji da nonon dabbobi, ta kuma daɗe a jikin mutum. Mai asma, da jariri, da mace mai ciki, da tsoho su ne suka fi shan wahalar hayaƙin.

Abin da ya fi damunmu a nan shi ne hura wuta da leda. Mun san dalilin: kananzir ya yi tsada, leda kuma tana kamawa nan da nan ko itace yana da danshi. Amma mai girkin tana sunkuye a kan hayaƙin, sau da yawa da goyo a bayanta, a cikin madafin da ba taga. Totuwar masara, busasshen kara da ɓawon gyaɗa suna yin wannan aiki, in an ajiye su inda ruwa ba zai taɓa ba. Haka nan dafa alale a leda da naɗe tuwo mai zafi a ciki, gara mu koma wa gwangwani mai tsabta, ganye, ko kwano mai murfi.

Abubuwa biyu da ba a wasa da su

Na farko batir. Batirin mota, na babur da na sola yana da dalma da ruwan asid a ciki. Daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008, yara 18 suka mutu a unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a ƙasar Senegal. Mutanen unguwar suna fasa tsofaffin batura suna ciro dalma su sayar, har mata suna tankaɗe ƙasar wurin a cikin gidajensu domin tsince ragowar. Ƙurar ta shiga ɗakuna, yara masu rarrafe suka kai ta baki. A ƙasarmu ma mun ga aikin dalma a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda yara fiye da 400 suka mutu. Can daga niƙan dutsen zinariya a cikin gida ta fito, amma gubar ɗaya ce. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Yaron da dalma ba ta kashe ba, tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har iyakar ransa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan adadi nata da za a ce ba ya cutarwa.

Yanzu da sola ta shiga ƙauyuka da majami'u da yawa, matattun batura za su ƙaru. Kada a fasa su, kada a zubar da ruwansu, kada a bar su inda yara suke wasa. A mai da su wurin mai sayar da sababbi yadda suke, yawanci ma akan rage wa mutum kuɗi. Ƙananan baturan tocila da rediyo kuma a tara su a gwangwani mai murfi, kada su shiga taki, kada kuma a ba yara su fasa don baƙin garin da ke ciki. Batirin waya yakan fashe in ya shiga wuta.

Na biyu robar maganin feshi. Roba ce mai kauri mai murfi mai kyau, sai mutum ya ji ba zai iya yar da ita ba. Mun sha ganinta da gishiri, ko man gyaɗa, ko kunun zuwa gona a ciki. Ko an wanke ta da sabulu sau goma, maganin ya riga ya shiga jikin robar. Ga yadda ake yi: da maganin ya ƙare, tun a gona, a zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na robar, a rufe, a girgiza sosai, a juye ruwan cikin injin feshi. A yi haka sau uku, a fesa ruwan a gonar. Sa'an nan a huda robar a gindi yadda ba mai iya sake amfani da ita. Kada a wanke ta a rafi ko a bakin rijiya.

Yanzu mu juye buhunan

A shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, a juye sharar da aka kawo. Masu rarrabawa su yi amfani da sanda, su kuma wanke hannu da sabulu in an gama. A ware abin da yake ruɓewa gefe guda, abin da za a iya sake amfani da shi ko a sayar gefe guda, mai haɗari gefe guda, sai ragowar. Mu duba: wane tsibi ne ya fi girma? A cikin ragowar, mene ne ya fi yawa, daga wane shago ko wace kasuwa ya shigo gidanmu? Shekara talatin da suka wuce, da me iyayenmu suke ɗauko wannan abu? Mu bar tsofaffin mata su yi magana a nan, sun fi mu sani.

Tsibin da yake ruɓewa shi ne takinmu. A wuri mai zafi da ƙarancin ruwa, rami ya fi tsibi a fili, domin yana riƙe danshi. A haƙa shi a inuwa, faɗi da tsawo kamar taku biyu, zurfi zuwa gwiwa ko ƙugu. A fara shimfiɗa sassaren kara a ƙasa domin iska ta samu shiga. A bi da busasshiyar ciyawa da ƙaiƙayi kamar taƙi ɗaya, sai ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya, sai kashin dabbobi, a barbaɗa toka da 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa. A yi ta maimaitawa har ramin ya cika, a rufe da ciyawa. Ruwan wanke-wanke wanda ba omo da yawa a ciki ya isa. Danshin da ake so shi ne in an damƙi takin a hannu ya dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba.

A soka doguwar sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu a zare ta a taɓa. In ta yi ɗumi da danshi, aiki yana tafiya. In ta fito a bushe da farin fumfuna, a ƙara ruwa. In wari yana tashi, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshen kara. Zafin nan shi yake kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta, abin da juji na haka kawai ba ya yi. A juya bayan kowane mako biyu ko uku. Cikin wata uku ko huɗu zai yi baƙi, ya yi laushi, ya yi ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Wanda ya fara da kaka, takinsa zai nuna kafin shuka. Nama, ƙashi da mai kada su shiga, suna jawo ɓera da kare.

Wani zai ce, takin rami ɗaya ina zai kai a gona? Manoman Illela a jihar Tawa ta Nijar suna da amsa. A ƙarshen shekarun 1980 wasunsu suka je yankin Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda manoma irin su Yakuba Sawadogo suke farfaɗo da fako. Da rani ake haƙa ƙananan ramuka, faɗi kamar taƙi ɗaya, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Gara takan zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan sama ya taru ya nutse, a shuka gero ko dawa a ciki. Suna kiran ramukan tassa. Da haka ɗan taki yake zuwa daidai gindin shuka maimakon a watsa shi iska da rana su cinye.

Tsibi na biyu ba ya bukatar dogon bayani. 'Yan gwangwan suna sayen ƙarfe, tsohuwar tukunya da fasasshiyar roba mai kauri. Kwalba da gora suna da masu so. Ledar ruwan sha, in an yanke bakinta aka huda gindi, tana renon dashen zogale, mangwaro ko darbejiya. A Yelwa kusa da Kaduna, a 2011, an gina gida da dubban gorunan roba da aka cika da yashi aka jera da laka. Sai dai mu kula, yara ne suka fi bin bola neman abin sayarwa, ƙafa ba takalmi, ga kwalba ga allura. In mun ware kayan tun daga gida, ba su da dalilin tonon bola.

Ragowar fa?

A nan dole mu faɗa wa juna gaskiya. Motar kwashe shara ba ta zuwa yawancin ƙauyukanmu. Ledar da ta rage, ba mu da wata hanya mai kyau sarai ta rabuwa da ita. Mafi dama a cikin marasa kyau ita ce binnewa: rami guda na unguwa, a kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi da yara, nesa da rijiya aƙalla mita 30 kuma ta gangarenta, ba a hanyar ruwa ba, ana rufe abin da aka zuba da ƙasa kowane mako. In ya cika a rufe a dasa itace a gefe.

Tun da haka ne, ledar da ba ta shigo gida ba ita ce ba ta da wahala. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017 da tara mai tsanani ko ɗauri har shekara huɗu. Nijar ma ta yi doka a 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwa a can ya san leda tana nan. Doka ba ta aiki in mai saye yana miƙa hannu yana jiran a ƙulla masa tumatir, barkono da daddawa kowanne a ledarsa. Kwando, jakar buhu, kwalbar mai da kwano mai murfi suna nan a gidajenmu. Mai awo ma zai ji daɗi, domin da kuɗinsa yake sayen ledar.

Mu duba kuma filin majami'armu washegarin biki, ko taron zumunta, ko Kirsimeti. Ledar ruwa nawa ce a ƙasa? In akwai rijiya mai kyau ko burtsatse, randa ko bokiti mai famfo da kofuna da ake wankewa da sabulu sun wadatar. In ba a amince da ruwan ba, kada a hana mutane ruwan leda, domin amai da gudawa sun fi leda saurin kisa. A ajiye buhuna a ƙofa, a sa matasa biyu su tsaya a kai.

Tsintsiya ɗaya ba ta shara, iska kuma ba ta san iyakar gidan kowa ba. Ledar maƙwabci akuyarmu za ta ci, ko shi Kirista ne ko Musulmi. Saboda haka zancen ramin unguwa da ranar gayya ta gyaran kwata kafin ruwan fari ba na ikilisiya kaɗai ba ne. Kafin a tashi daga wannan zama, a zaɓi mutum uku, a ciki har da mace, su je wurin mai unguwa da sarkin kasuwa da sarkin fawa a cikin makon nan, su nemi a nuna wurin da za a haƙa ramin, a kuma sa rana. Wani kuma ya ɗauki alkawarin haƙa ramin taki na farko a gidansa, domin in ƙungiya ta sake zama bayan wata ɗaya a je can a zare sandar a gani.